Malamar da Ke Shafa Bayan Takarda

Bari in faɗa tun daga farko, ba na son matar nan. Ban so ta ranar da na fara ganinta ba, ban so ta cikin shekara biyun da ta yi tana koya wa ɗana riƙe fensir ba, yanzu ma da ta ajiye aiki, in muka haɗu a hanya gaisuwarmu ba ta wuce kalma uku. Wanda ke jiran ya ji mun zama aminan juna daga baya, ya hutar da kansa.

A makarantar da ɗana Auta yake, Mai Faranti ake ce mata a bayan idonta, saboda wani farantin ƙarfe cike da yashi da take shigowa da shi kullum da safe, a rufe da tsumma kamar za ta kai wa majinyaci abinci. A gabanta kuwa Malama ce, ba wanda ke ƙara komai a kai. Doguwa ce, busasshiya, ta ba hamsin baya, da tabarau mai igiya a wuya da fuskar da ban taɓa ganin ta sake ba. Ni tela ce, saboda haka abin da na fara dubawa a jikinta ɗinkin rigarta ne. Da hannu aka yi shi, kuma ko zare ɗaya bai kauce ba. Wannan ma haushi ya ba ni.

Auta shekararsa bakwai a lokacin. Likita ya ce yana da galahanga, abin da su a asibiti suke kira otizim. Sunan bai dame ni ba, don na san abin a cikin ɗakina tun kafin a raɗa masa suna. Ba ya kallon mutum cikin ido. Maganarsa kalma ɗaya ce ko biyu, sau da yawa ma abin da ka faɗa masa yake mayar maka. In babur ya wuce da ƙara sai ya toshe kunnuwa ya durƙushe. Amma ka zube masa maɓallai gwangwani guda, zai jera su launi-launi, ƙanana gaba manya baya, ya fi ni iyawa. Haruffa duka ya san su, in ka ce ya nuna zai nuna. Fensir ne kawai abokin gabarsa. Yakan damƙe shi kamar wuƙa, ya danna har takarda ta yage, ya jefar ya shige ƙarƙashin tebur.

Shugaban makarantar ya kira ni ofishinsa a farkon zangon ƙarshe na shekara. Mutum ne mai yawan murmushi, irin wanda ke tsayawa a haƙora. Ya ce iyayen yara suna ƙorafi, malamin aji ya gaji, kuma aji uku da za su shiga ba wurin wasa ba ne. In zango ya ƙare, Auta zai zauna a gabansa ya kwafi layi uku da hannunsa. In ya yi, ya wuce tare da 'yan ajinsu. In bai yi ba, in nemar masa wani wuri. Makarantu huɗu ne suka ƙi karɓar yaron nan kafin wannan, kuma shugaban ya sani sarai. Sai ya ƙara da cewa akwai wata malama a ƙarshen baranda da ke fama da irinsu, in gwada ta in ina so. Na lura yadda ya taɓe baki wajen cewa irinsu, haka ya taɓe shi wajen ambaton malamar.

Ɗakinta tsohon sito ne a bayan banɗakin yara. Bango fari fat, ko kalanda babu. Ta sauke agogon bango saboda ƙararsa, ta kwance dogon ƙwan lantarki mai ƙugi, ta bar hasken taga kawai. Ga ƙaramin tebur, ga ƙaramar kujera, ga wani akwatin katako a ƙasa don ƙafar yaro ta sami abin takawa. Yara shida gare ta a duk makarantar, ɗaya bayan ɗaya suke shigowa, kowa da rabin awarsa.

Na yi sallama na shiga riƙe da Auta. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Ke ce uwarsa?"

"Ni ce, Malama. Wato tun yana shekara biyu muka lura cewa..."

"To yi shiru tukuna."

Shekarata arba'in da ɗaya, 'ya'yana huɗu, rabon da wani ya ce in yi shiru tun ina gidan ubana. Na haɗiye don ina da buƙata. Ta ajiye farantin yashin a kan tebur ta koma gefe, ta ƙyale yaron. Ya zagaya ɗakin sau uku, ya shinshina labule, ya dawo ya sa yatsa ɗaya cikin yashin. Ita kuwa hannunsa kawai take kallo, kamar ba a haɗe yake da mutum ba. Can ta buɗe jakarsa ta zaro fensir, sabo dal, dogo mai magogi a kai, wanda na saya masa ranar. Ta kama shi da hannu biyu ta karya shi gida uku a gabana.

"Dogon fensir na mai dogon hannu ne," in ji ta. "Guntu ba ya damƙuwa, dole ya kama shi da yatsu. Amma ba yanzu ba. Sharaɗina ɗaya ne, Maman Auta. Kada ki riƙe masa hannu. Ko ke, ko ubansa, ko yayyensa. In ya yi layi karkatacce, nasa ne. In bai yi komai ba, wannan ma nasa ne."

"To ta yaya zai koya in ba a nuna masa ba?"

"Nunawa daban, riƙewa daban. Sai gobe."

Haka aka fara. Mako biyu cur yaron nan bai taɓa fensir ba. Ana ba shi abin matse kayan shanya yana maƙalawa a bakin kwali, ana ba shi yumɓu yana murzawa, yana tsinto wake daga cikin yashi da yatsa biyu. Ta ce yatsunsa ba su da ƙarfi, shi ya sa yake aro daga kafaɗa. A mako na uku aka fara layi a cikin yashi. Sai ta ja nata a gefe ɗaya, a hankali, tana faɗin magana iri ɗaya da murya iri ɗaya: "Daga sama zuwa ƙasa. Tsaya." Ta goge, ta jira. In ya ja, ba ta tafi, ba ta yabo, cewa kawai take "Ya yi." Ta ce tafi yana firgita shi, kuma gaskiya ne, amma ni na tabbata ko ba ya firgita ba za ta tafa ba. Da aka koma takarda sai ta riƙa sa masa kwali mai laushi a ƙarƙashi don kada ƙarar fensir ta dame shi, ta ɗiga kore inda zai fara, ta ɗiga ja inda zai tsaya.

Wata guda ya wuce muna kan layin tsaye. Aka shiga na kwance. Ni kuwa kullum ina ƙirga kwanaki a kalandar shagona. Na je na same ta na ce, "Malama, layi uku shugaba ya ce, na kalmomi, ba sanduna ba."

"Na ji abin da ya ce."

"To yaushe za a fara haruffa?"

"In hannun ya shirya."

"In kuma zango ya riga shi shiryawa fa?"

Ta ɗaga kafaɗa ta ci gaba da tankaɗe yashinta. Na fito ina huci. A raina na ce ita ba abin da za ta rasa, ko an kori yaro ko ba a kora ba, gobe za ta ɗauko farantinta ta zo.

Malamin ajinsu kuwa bai fasa ba da aikin gida ba. Kowane yaro da littafin rubutu, kullum layi biyar. Littafin Auta ba komai a ciki sai ramuka da yagaggun shafuka. Wata rana wata mai kawo mini ɗinki ta ɗauke shi daga kan benci tana jiran in gama mata kalmasa, ta buɗe, ta ce, "Ayya, ɓera ne ya ci?" Ta yi dariya, ni ma na yi, don kada ta ga ciwon. Tana fita na rufe ƙofar shago, na share teburin yanka, na ɗora Auta a cinyata, na sa masa fensir a hannu na rufe da nawa.

Ranar farko ya yi ta fizga yana ihu. Rana ta biyu ya yi kuka kaɗan. A rana ta huɗu ya daina. Sai ya saki hannun ya yi laushi kamar tsumma, ya juya fuska yana kallon fanka, ni kuma ina tuƙa shi a kan layi. Na ce wa kaina ai koya masa nake, hannun zai saba da hanya. Shafuka suka cika da rubutu tsaf, don ni ko a takarda ba na iya ganin karkataccen layi in ƙyale. Malamin aji ya fara zuba masa maki da jan biro. Baban Auta direba ne, sai ƙarshen mako yake gida. Da ya ga littafin ya daɗe yana kallo, ya ce ashe matar nan ta san aikinta. Ban gyara masa ba.

Kwana goma aka yi kafin Malama ta zo. Da la'asar ne, shagona da mata uku suna jiran awo. Ban taɓa gaya mata inda nake ba, sai ganin ta na yi tsaye a ƙofa da littafin a hannu. Ta gaida matan a taƙaice, ta ajiye shi a kan keken ɗinkina, ta buɗe shafi, ta juya bayansa ta shafa da babban yatsa.

"Taɓa nan."

"Malama, ina da baƙi."

"Taɓa. Auta in ya ja layi, bayan takarda yana tashi kamar tabo. Nan sumul yake. Wannan rubutunki ne da hannunsa."

Ɗaya a cikin matan ta fara gyara ɗankwalin da bai kwance ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, ni ce mai juya riga in duba cikinta kafin in ce tela ya iya. Ban taɓa tunanin takarda ma tana da ciki ba.

"Jiya na ajiye masa faranti," ta ci gaba, "bai sa yatsa ba. Ya miƙo mini tsintsiyar hannunsa ya juya fuska. Yau ma haka. Wata ɗaya da rabi muka yi kafin ya yarda layin nasa ne. Kin karɓe a kwana goma."

"Ɗana ne," na ce. "Ni za a mayar wa shi gida in an kore shi, ba ke ba. Kina can kina wasa da yashi, kwanaki suna tafiya."

"Ki daina."

"Ke kin taɓa haihuwa ne, da za ki shigo shagona ki koya mini riƙon ɗa?"

Na san abin da na faɗa, kuma da gangan na faɗa. Ɗaya daga cikin matan ta ce, "Haba dai." Ita Malama ko gezau. Ta rufe littafin, ta daidaita shi da gefen keken kamar wannan ne abin da ya kawo ta.

"Ban taɓa ba," in ji ta. "Ki daina duk da haka." Ta fita.

Maigadin makarantar ne ya ba ni tarihinta, ba don na tambaya ba, shi dai ba ya iya ganin kunne a banza. Unguwarsu ɗaya tun suna yara. Ya ce ba malanta ta fara ba. Shekara ashirin da wani abu ta yi a ofishin rajista tana rubuta takardun haihuwa da hannu, saboda kyan rubutunta, har aka kawo na'ura aka ce an gode. Daga nan ta je ta yi kwas ta dawo da farantinta. Ya ce tana da ƙane, kamar Auta yake, amma a zamaninsu ba wanda ya san sunan abin, taurin kai ake ce masa. Ubansu yakan zaunar da shi da allo da rula, in ya kasa a buga masa a yatsu. Ita tana da shekara goma, sai ta riƙa jan shi bayan ɗaki tana riƙe masa hannu tana rubuta masa aikin, don ya tsira daga duka. Shekara da shekaru tana yi. Ƙanen yana nan a gidanta har yanzu, ita ke riƙe da shi, shi ya sa ba ta yi aure ba, ko kuma shi ya sa ba manemin da ya tsaya, maigadi bai tabbatar ba.

Zan so in ce da na ji wannan jikina ya yi sanyi na tuba. Ban tuba ba. Cewa na yi wancan ƙanenta ne, wannan ɗana ne, kuma saura mako huɗu. Na ci gaba da rufe shago da la'asar. Abin da na ƙara kawai, na riƙa danna fensirin da ƙarfi don bayan takardar ya tashi. Ta gane ko ba ta gane ba, ba ta sake zuwa ba. In na kai shi da safe sai ta karɓe shi a ƙofa ba tare da ta dube ni ba, ni ma in juya ba sallama.

Ranar gwaji muka taru a ofishin shugaba, ni da Auta da Malama. Fanka tana kaɗawa da ƙara, agogo yana bugawa, kujerar da aka ba yaron doguwa ce ƙafafunsa suna lilo. Malama ta ce a bari ta ɗauko akwatin ƙafa da guntun fensir. Shugaba ya yi murmushinsa ya ce a aji uku ba a bin yaro da akwati. Dama kowa ya san shi da Malama ba sa ga maciji da juna, ya daɗe yana son ɗakin nan nata ya mayar da shi sito. Ya ajiye farar takarda da dogon fensir, ya rubuta layi a sama, ya ce bismillah.

Auta ya ɗauki fensirin. Ya dubi takardar. Sai ya juyo wajena, ya miƙo mini tsintsiyar hannunsa, ya kau da fuska yana kallon fanka.

Hannun yana nan a sama, fensir na rataye tsakanin yatsu, yana jira. Shugaba ya ce, "Rubuta mana, yaro." Auta ya ce, "Rubuta mana, yaro," bai sauke hannun ba.

Shugaba ya jawo littafin aikin gida daga cikin takardunsa ya buɗe, yana juya shafuka yana gyaɗa kai. Ya ce, "To ni abin ya fito mini fili. Ga abin da yaro yake yi a gida wurin uwarsa, tsaf kamar bugun inji. Ga kuma abin da ya koya a wata uku a ɗakinki, Malama, miƙa hannu kamar mai roƙo. Kunya ce kawai ke damunsa a nan. Zan karɓi littafin nan a matsayin shaida, yaro ya wuce zuwa aji uku. Ɗakin yashi kuma za mu sake magana a kansa, don ban ga amfaninsa ba."

Abin da na yi wata uku ina nema ke nan, an miƙo mini har da ƙari. Ɗana ya sami kujera, matar da ta ci mini fuska a gaban masu ɗinkina ta rasa tata. Na dube ta ina jiran ta fasa ƙwai, har na shirya abin da zan mayar mata. Ba ta ko kalle ni ba. Hannun yaron take kallo, wanda ya gaji amma bai sauka ba. Ni ma sai na kalle shi. Ɗan shekara bakwai ne, kuma na ga zai iya kai shekara hamsin a haka.

"Ranka ya daɗe," na ce, "ba shi ya rubuta ba. Ni ce. Hannunsa nake riƙewa."

Murmushin ya tafi. Ya rufe littafin ya ture shi gefe da bayan hannu. Ya ce ashe har da ha'inci, ya ce to magana ta koma inda take, yaro bai iya ba, sharaɗi kuma sharaɗi ne.

Sai a lokacin Malama ta motsa. Ta tashi ta kashe fankar ba ta nemi izini ba. Ta kwaso manyan littattafai biyu daga kan kabad ta tura ƙarƙashin ƙafafun Auta. Ta zare dogon fensirin daga yatsunsa ba tare da ta taɓa fatarsa ba, ta ajiye guntu daga aljihunta, ta ɗiga kore a takarda, ta ɗiga ja. Sannan ta juyo gare ni.

"Zauna a kan hannuwanki."

"Me?"

"Sa su ƙarƙashin cinyarki ki zauna a kai. Muddin yana ganin su zai jira su."

Na yi. Mace da girmana, a ofishin mutane, na zauna a kan hannuwana kamar 'yar aji ɗaya. Auta ya ɗauki guntun ya sake miƙo mini hannu. Ya matso da shi har ya taɓa gwiwata. Ya ce, "Mama." Bai cika faɗin wannan kalmar ba, sai ya yi wata bai faɗa ba. Ban taɓa jin abu mai ciwo kamar ƙin karɓar hannun nan ba, kuma a wannan minti na tsani matar nan fiye da kowane lokaci.

"Daga sama zuwa ƙasa," in ji ta, da muryar nan tata marar gishiri. "Tsaya."

Ta jira. Shugaba ya dubi agogo. Ta sake faɗa. Ban san sau nawa ta faɗa ba, na dai san yatsuna sun mutu a ƙarƙashina. Can hannun ya sauka a kan takarda. Ya ja layi ɗaya daga kore zuwa ja, a karkace, yana dannawa har ina jin ƙarar. Ta ɗiga wani koren, ya ja na biyu. Ta ce, "Daga nan zuwa nan," ya ja na kwance ya haɗa su, takardar ta ɗan yage a ƙarshe. Harafin farko na sunansa ne, ƙato kamar tafin hannuna.

"Ya yi," in ji Malama.

Shugaba ya ce harafi ɗaya ba layi uku ba ne, kuma ba wanda zai ce ya yi ƙarya. Auta bai wuce zuwa aji uku ba. Abin da Malama ta iya ƙwato masa bayan doguwar jayayya, wadda ta yi a tsaye ba ta ɗaga murya ba, shi ne ya maimaita aji biyu, kuma ɗakinta ya ci gaba da zama har shekara ta zagayo. 'Yan ajinsu suka tafi suka bar shi. Yaron da ya saba zama kusa da shi, wanda shi kaɗai ya san yadda ake ba shi abu ba a taɓa shi ba, shi ma ya tafi. Auta ya yi mako uku yana tsayawa a ƙofar aji uku kowace safiya sai an janye shi.

A baranda ranar na tsaya ina jiran ko za ta ce wani abu. Ɗakinta na ceto mata da bakina, ko ba komai.

"Da kin bar shi," ta ce, "da yau sunansa duka ya rubuta, da na sami abin da zan yi jayayya da shi. Wata biyu kika ci masa."

"Malama, da na yi shiru da yanzu kina tattara yashinki."

"Ba don ni kika yi magana ba. Gobe ƙarfe takwas." Ta wuce da farantinta.

Wata huɗu aka yi kafin ya daina miƙo hannu. A gida na koma zama a kan hannuwana duk lokacin da ya ɗauki fensir, har yayyensa suka mayar da abin tsokana, in na fara yi wa wani faɗa sai su ce Mama zauna a kan hannunki. Baban Auta da ya ji gaskiyar littafin ya yi kwana biyu ba ya mini magana sai ta dole. Shekara ta zagayo, Auta ya kwafi layi ukunsa a gaban shugaba, manya-manya, suna hawa suna sauka, ya wuce. Shekara guda bayan haka Malama ta ajiye aiki. Ba a yi mata taro ba, ita ma ba ta nema ba. Mako bai cika ba aka cika ɗakin da karyayyun kujeru.

Yanzu Auta shekararsa goma. Shi ya rubuta sunayen launuka a takardu ya manna a jikin akwatunan zarena. Rubutun ba kyau, ni da na san kyan layi ba zan yi ƙarya ba, kuma har yau in na kalle shi yatsuna suna ƙaiƙayi.

Watan jiya na je asibiti karɓar magani, na hango Malama a layin kati tare da wani dattijo mai furfura, tsaf da shi cikin riga mai ɗinkin hannu. Ma'aikaciyar ta turo masa takarda da biro ta ce ya sa hannu. Ya ɗauki biron. Sai ya miƙa wa yayarsa tsintsiyar hannunsa, ya juya fuska yana kallon bango. Ta tsaya jim. Sannan ta rufe hannunsa da nata, ta tuƙa shi a kan layin, da wannan kyakkyawan rubutu nata. Da ta ɗago muka haɗa ido, ta san na gani.

"Maman Auta."

"Malama. Ina kwana."

"Lafiya."

Ban tsaya karɓar maganin ba. Na koma shago na ciro takardar da Auta ya manna a akwatin jan zare, na juya bayanta na shafa da babban yatsa. Duk ta tashi, harafi bayan harafi, har da inda ya huda.